Ku Ɗaga Kai, Haɗejawa: Furen Ɗorawa Ja Ne

Yau da tsokana na fito, don haka mai saurin fushi ya sha ruwa tukuna. Magana biyu na riƙo. Ta farko, in ana lissafin itatuwanmu na gado masu jan fure, ɗorawa tana sahun gaba. Ta biyu, a wurin masana tsirrai na duniya sunanta Parkia biglobosa, kuma wanda ya haddace wannan suna bai sayar da gadon gidansu ba. Na san halin mutanena. Jikokin waɗanda suka tsaya wa bindigar Nasara a 1906, har Sarki Muhammadu ya yi shahada, ba za su miƙa wuya don ɗan rubutu a takarda ba. To bismilla, a shigo fili ɗaya bayan ɗaya, kada a yi mini taron dangi.

Ga na farko nan, Malam na teburin mai shayi. Ya ajiye kofi yana tafa hannu: “Haba Malam! Ɗorawa ja? To ruwan ɗorawa kuma launin wace bishiya ne? Ko adaidaita sahun Kano ma jajaye ne ba mu sani ba?” Majalisa ta kwashe da dariya, har mai shayi ya kusa zubar da madara.

Allah ya huci zuciyarka, Malam. Hujjarka ta tona inda ka san ɗorawa: a tafin hannu, lokacin lasar gari. Garin nan mai zaƙi da ke cikin kwanso shi Bahaushe ya ara ya raɗa wa launi suna, don abin da ya shiga baki ba a mantawa da shi. Amma kafin gari akwai kwanso, kafin kwanso akwai fure, kuma furen har sunansa gare shi: tutu. Masu murmushi a baya, na gan ku, ba wancan nake nufi ba. Ka je ka tambayi duk wata gwaggo da ta tashi a ƙauye, za ta ba ka labarin yadda suke tsinko shi suna yara, suna tsotsar ruwan zaƙinsa. Ka tambaye ta launinsa. In ta ce maka rawaya ne, shayin majalisa na mako guda a wuyana.

Ga yadda yake, don wanda bai taɓa tsayawa ya duba ba. Daga bakin reshe wani siririn tsinke ke saukowa, tsawonsa kan kai taƙi guda ko ya ɗara, a ƙarshensa dunƙule yana reto, kai a ƙasa. Faɗin dunƙulen santimita 4 zuwa 6. In ka kawo shi kusa da ido sai ka ga ashe ba fure ɗaya ba ne, ƙananan furanni ne fiye da dubu a cunkushe, kowanne da ʼyan zaruruwansa. Hawa biyu ne: ƙaramin dunƙule a sama wajen tsinke, babba a ƙasa. A ɗan wuyan da ke tsakaninsu ruwan zaƙin yake tsattsafowa ya taru. Kafin ranarsa ta zo, ƙullutu ne mai tauri, launin ƙasa-ƙasa, ba abin kallo. Ran da zai buɗe, da laʼasar sakaliya sai ya fara kumbura, kafin a kira magariba ya koma jawur, yana fitar da wani ƙamshi mai ɗan tsami-tsami. Dare ɗaya tak ke gare shi. Kafin hantsi ya ɗaga launin ya dusashe, ƙananan furannin sun fara zubowa gindin bishiya. Daga cikin wannan taro duka, ʼyan ƙalilan ne ke zama kwanso, su miƙe sirara kore, su yi tsawo, su bushe su yi duhu dab da faɗuwar damina.

To me ya sa Malam bai taɓa gani ba? Ku duba lokacin. Ɗorawa tana fure ne daga ƙarshen hunturu zuwa shigowar bazara, wajen Fabrairu da Maris. A wannan lokaci idon Bahaɗeje a ƙasa yake. Wani yana fadama yana lallashin injin ban-ruwa, wani yana auna ko alkama ta isa yanka, wani yana cikin tattasai da tumatir, wani yana bakin kogi da koma, wani yana kasuwar kifi yana ƙirga kwalayen banda. Da magariba, saʼar da furen ke buɗewa, kowa yana sahu. Ana sallamewa sai teburin mai shayi, a dasa musu a kan abin da ba a gani ba. Ga shi kuma ƙasarmu tana kusa da iyakar arewa ta inda ɗorawa ke jin daɗin zama. Ruwan sama da take so ya fara ne daga wajen milimita 500 a shekara zuwa sama, mu kuwa namu ba ya ɗara hakan da yawa. Shi ya sa duk yadda ka ƙara yin kudu, wajen Dutse da Birnin Kudu da Gwaram, za ka ƙara ganinta jere a gonaki, in ka yi arewa kuma goriba da aduwa su karɓe fili.

Amma akwai wanda ba ya saɓa alƙawarin magaribar nan. Hajiya, ki riƙe zuciyarki, zan ambaci sunansa: jemage. Shi ne babban baƙon tutu. Yakan zo ya maƙale a jikin dunƙulen, ya lashe ruwan zaƙin da ke wuya, ƙurar furen ta shafe masa ƙirji da fuska, ya tashi ya kai wa wata bishiya. Da haka ake samun kwanso mai ido. A 1957 wasu masana biyu, Baker da Harris, suka wallafa abin da suka gani da idonsu a Ghana game da wannan hulɗa. Da sassafe ƙudan zuma yakan zo ya ƙarasa saura.

“Aʼuzubillahi! Jemage a miyata?” Ba a cikin miyarki yake ba, Hajiya, amma da hannunsa a ciki. Duk ranar da kika kaɗa kuka da daddawar kalwa, Alhaji ya suɗe kwano yana santi, to akwai ladan da ya kamata a kai wa wancan mai kwana kai a ƙasa. Yaran da ke bin sa da danƙo, a gaya musu ɗan ƙwadagon gidan ne suke harbi.

Sai ga ɗan boko ya gyara tabarau: “Yallaɓai, in jan fure ake nema, ai ga itacen nan na ƙofar makarantu da gidajen gwamnati, wanda kan rufe da ja baki ɗaya a ƙarshen bazara.” Na san shi, samari. Kyakkyawa ne, ba musu. Sai dai baƙo ne, daga tsibirin Madagaska aka kawo shi, sunansa Delonix regia. Bai san kakanka ba, kuma ba ya ba da ko cokali ɗaya na kayan miya. Mainar da kake zaune a inuwarta kana wannan bayani ita ma ʼyar Indiya ce, sai wajen 1928 aka fara dasa ta a Borno. Turare kuwa ɗan Ostireliya ne. Baƙonka annabinka, mun karɓe su hannu biyu. Amma abin kunya ne ka iya zayyana baƙo tun daga hula har takalmi, a tambaye ka kamannin ɗan gida ka fara sosa ƙeya.

Yanzu mu zo kan suna, inda na san za a fi ɗaga murya. Baba ya buga sanda a ƙasa: “Yaro, wa ya ba Bature izinin yi wa itacen kakanninmu zanen suna? Shi ya shuka? Shi ya yanka rago?”

Ranka ya daɗe, Baba, zauna in ba ka labarin, don ta bakin ƙofarmu ya bi. A 1753 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya kafa tsarin da ake bi har yau: kowane tsiro kalma biyu da Latin, ta farko ta dangi, ta biyu ta shi kansa. Aka kuma ɗora ƙaʼida cewa in sunaye suka yi karo, wanda ya riga shi ke da gaskiya. Shekara goma bayan nan, a 1763, wani mai suna Jacquin, wanda aka aika daga Ostiriya zuwa tsibiran Karibiyan neman tsirrai, ya wallafa bayanin wata bishiya da ya gani a can. Ya kira ta Mimosa biglobosa. Kalmar ta biyu tana nufin mai dunƙule biyu. Wato shi, saɓanin Malam na teburin shayi, ya ɗaga kai ya duba. To me ya kai ɗorawa Karibiyan? Masana suna ganin ta hanyar cinikin bayi irinta ya haye teku. Sunan da Baba ke jin haushi, rabinsa shaida ne a kan inda aka kai mutanenmu da abincinsu.

Ɗaya rabin na Mungo Park ne, likitan nan ɗan Sikotlan da aka koya mana a firamare wai shi ya gano Kogin Kwara, alhali Sarkawa da Nufawa suna su a cikinsa tun kakansa bai yi wayo ba. A littafin tafiyarsa na 1799 ya ba da labarin bishiyar da ya ji ana kira nitta, da yadda mutane ke rayuwa a kan garinta lokacin yunwa. Ya dawo karo na biyu, ya halaka a ruwan Bussa a 1806.

Sai a ƙarshen 1823 wasu Turawa biyu, Clapperton da Likita Oudney, suka taso daga Kukawa suka biyo Kogin Yobe, wanda ruwan Kogin Haɗeja da na Jamaʼare ne ke haɗuwa su haife shi. Zamanin Sarki Sambo ke nan a Haɗeja. Suka sauka Katagum a farkon Janairun 1824. Oudney, wanda shi ne mai tara ganyayen, ya rasu a Murmur ranar 12 ga watan. Clapperton ya wuce Kano, daga can ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Busassun tsirran da ayarinsu ya kai Ingila aka miƙa wa wani masani, Robert Brown. Shi ne a 1826 ya ga cewa bishiyar nan dangi ce mai zaman kanta, ya raɗa wa dangin Parkia don tunawa da Park. A bayaninsa har da abin da Clapperton ya ba da labari na yadda mutanen ƙasar nan ke sarrafa kalwa su yi abin miya. A 1830 aka haɗa sabon sunan dangi da tsohuwar kalmar Jacquin, aka sami Parkia biglobosa.

Su ma fa ba su tsira daga gardama ba. A 1955 wani jamiʼin gandun daji da ya yi aiki a Nijeriya, Keay, ya ce ɗorawar wajenmu daban take da ta can yamma, ya kira ta Parkia clappertoniana. A 1983 wata masaniya, Helen Hopkins, ta sake bin diddigi ta nuna duk abu ɗaya ne, sunan Clapperton ya faɗi. Shi ya sa in tsohon malamin gona da ɗansa suka yi musu a kan sunan, kowa da littafin da ya karanta. Park ma ya yi asara: kaɗanya ta daɗe tana amsa Butyrospermum parkii, daga baya aka tono sunan da ya riga, Vitellaria paradoxa, aka karɓe masa.

“Ka ji ko? Duk sunayensu!” In ji Baba. Nan kam ka yi gaskiya, har ma in ƙara maka haushi. Gawon da ke gonarka Faidherbia albida ne, sunan Faidherbe, gwamnan mulkin mallakar Faransa a Senegal. Kuka Adansonia digitata ce, sunan wani Bafaranshe, Adanson. Goribar da ta cika fadamarmu, wadda matanmu ke saƙa tabarma da kabarta, Hyphaene thebaica ce, an jingina ta ga wani tsohon birni na Masar. Tsamiya kuma an ce indica, an ba Indiya kyauta. Manoma da maharba da masu magani da suka riƙe hannun waɗannan baƙi suka nuna musu itace ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya rubuta sunansu. Wannan rashin adalci ne, kuma ba zan shafa masa mai ba.

Sai dai, Baba, daddawa gaya wa manda baƙi. Wa ya nemi izinin Kyaftin Phillips kafin Haɗejawa su raɗa masa Mai Tumbi? Ga kabarinsa nan a garinmu, har gobe da wannan suna ake nuna shi. Lugard ya zama Lugga, Hanns Vischer ya zama Ɗan Hausa, Clapperton da kansa da ya shigo ƙasar nan Abdullahi yake amsawa. Kowa ya ga abu yakan sa masa sunan da bakinsa zai iya ɗauka. Bambancin kawai, su sun rubuta nasu a littafi sun sa kwanan wata.

Daga can gefe na jiyo muryar abokin wasa, Bakatsine, yana cewa, “To shi wannan dogon suna mai karya haƙori, awo nawa yake ƙara wa buhu?” Kai dai da ma ba a raba ka da tsugudidi. Matso in yi maka jarrabawa. Je kasuwar kifi ta Haɗeja ka ce a ba ka minjirya. Za a miƙo maka kifin nan mai tsartar da hannu, in da ransa ka riƙe shi ka gane kurenka. Je wurin mai maganin gargajiya ka ce minjirya, zai ɗauko maka sassaƙen wata ʼyar bishiya mai ƙaya wadda ita ma furenta jawur ne. Kifin Malapterurus electricus ne, bishiyar Erythrina senegalensis. Ga ta biyu: ka ce gurjiya. A bakin wani, abin tonowa ce a ƙasa a dafa da gishiri, wato Vigna subterranea. A bakin wani kuma itace ne mai kaushin jiki da jan fure da ake miya da shi, wato Bombax costatum. In takardar odar iri ko ta binciken magani ta ce gurjiya kawai, wanne za a kawo maka?

Wannan a cikin Hausa ke nan. In ka ƙetare, Bafulatani narehi zai ce wa ɗorawa, Babarbare runo, Bayarabe igba, abin miyarta kuma iru. A Mali da Burkina Faso bishiyar nere ce, daddawar sumbala. Kowanne sunansa daidai ne a gidansu. Sunan Latin aikinsa irin na lambar katin ɗan ƙasa ne: ba wanda ke kiran ɗansa da ita a tsakar gida, amma ran da aka je banki ita ke raba Musa da Musa. Da wannan suna ɗalibin Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗeja, ko na Jamiʼar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, zai buga a waya ya ga abin da aka gano game da ɗorawa a Wagadugu da Bamako da Ibadan. In ya tsaya a kan sunan gida kaɗai, abin da zai samu bai taka kara ya karya ba.

Kuma ƙofar ba a kulle take ba. A 1915 wani masani a Ingila, Stapf, da zai sa wa iburu suna, kalmarmu ya ɗauka ya ce Digitaria iburua. A 1916 Likita Dalziel, wanda ya tara tsirrai da yawa a ƙasar Katagum, ya wallafa ƙamus guda na sunayen tsirrai da Hausa, don ya san ba zai iya aikinsa ba sai da su. A Yulin 2024, a babban taron masana tsirrai na duniya a Madrid, aka kaɗa ƙuriʼa aka sauya sunayen tsirrai fiye da 200 da ke ɗauke da wata kalmar cin mutuncin baƙar fata ta Afirka ta Kudu. Cikinsu har da ʼyarʼuwar minjiryarmu mai jan fure, wadda yanzu ta koma Erythrina affra. Masana daga Afirka ta Kudu ne suka kai ƙorafin, da hujja a rubuce. Saboda haka, samari mai tabarau, in ka shiga dajin Baturiya ka gano tsiron da ba a taɓa rubutawa ba, ka bi ƙaʼida ka wallafa, ba mai hana ka jingina shi ga Haɗeja ko ga kakarka. Amma daga kan benci ba a gano komai.

Alhaji manomi ya daɗe yana jira, ga shi ya miƙe: “Duk na ji. Ni dai abin da na sani, gero ba ya yi a gindinta.” Gaskiyarka, Alhaji. Inuwarta tana da kauri, kuma binciken da aka yi a Burkina Faso ya nuna dawar da ke ƙarƙashinta kan yi asarar fiye da rabin amfaninta. Amma yi lissafin har ƙarshe. Babbar ɗorawa kan ba da kwanso kilo 25 zuwa 100 a shekara, ba taki, ba noma, ba feshi, kuma takan rayu kusan shekara ɗari. Garin yana isowa ne daidai lokacin da rumbu ya fara ƙarewa, yara su lasa, a dama a sha. Ɓawon a jiƙa a sami makuba, wadda da ita ake daɓe da shafen katanga tun kafin a san siminti. Kalwa kuwa kuɗi ce a kowace kasuwa. Ba banza ba ake lissafa ɗorawa a rabon gado. Dattawa sun san maganin inuwar: a rage rassa, ko a bar ta a kan iyakar gona. Gatari a gindi kuwa aikin wanda ya ci bashin jikokinsa ne.

Hajiya ta dawo da sabuwar magana: “Wa ke da lokacin daddawa yanzu, ga ɗan dunƙule a kanti?” Ba na faɗa da ɗan dunƙule, Hajiya, kowa da ranarsa. Amma dubi aikin da ke cikin ƙwayar daddawa ɗaya. A dafa kalwa wuni guda, wani lokaci har da kwana, sai ta yi laushi. A zuba a turmi a surfe, a kai ruwa a wanke har baƙin ɓawon ya rabu da farin ido. A sake dafawa, a tsane, a zuba a kwando a rufe ruf, a ajiye a wuri mai ɗumi kwana 2 zuwa 3. Ran buɗewa maƙwabta ma sai sun sani. Idon ya yi duhu, ya yi yauƙi, sai a kirɓa, a mulmula, a fyaɗa, a shanya. Wannan yauƙi da wari aikin wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, ita ma da sunanta, Bacillus subtilis. Kalwa kimanin kashi 35 cikin 100 nata furotin ne, abin da jiki ke nema a nama da kifi. Ɗan dunƙule kuwa galibinsa gishiri ne da sinadarin ɗanɗano. A gidan da ba a ganin tsoka sai ran kasuwa, daddawa tana toshe wata kafa da ba a lura da ita.

To ga inda wasan ya ɗan yi nauyi. Ku yi wannan gwajin da kanku: in kun hau hanyar Kafin Hausa ko ta Malam Madori, ku ƙirga manyan ɗorawa, saʼannan ku ƙirga ƙanana masu tasowa. Abin da masu bincike ke gani daga Senegal har nan shi ne tsofaffi sun fi yawa, magada sun yi ƙaranci. Dalilan a fili suke. Kwanso duka muke kwashewa, ba ma bar wa ƙasa ko ɗaya. Wanda ya kuɓuta ya tsiro, akuya na jiransa da rani. Gonar da a da ake bari ta huta shekaru, inda ƙananan itatuwa ke samun sarari, yanzu ba hutu. Masu gawayi da masu itacen sayarwa suna ta lodi, har a kewayen Baturiya, dausayin da aka sa cikin jerin Yarjejeniyar Ramsar a 2008. Ga kuma sauyin da Kogin Haɗeja kansa ya yi tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992: kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ruwa ya kwanta wata da watanni, wani wuri ya bushe ƙurmus. Ɗorawa tana son ƙasa mai zurfi wadda ruwa ke wucewa, ba ta jure dogon kwanciyar ruwa a gindi. Shingayen itatuwan da aka dasa a Jigawa don tare hamada kuwa galibinsu maina ce da turare, don su ke saurin tashi. In aka ci gaba a haka, Parkia biglobosa zai zauna daram a littattafan Landan, ɗorawa kuma jikokinmu su san ta a matsayin launin fenti kawai.

Don haka ga hukunci, kuma ba beli. Malam na teburin shayi, tararka ƙwayar kalwa 10, ɗanya, ba wadda aka dafa ba. Ɓawonta tauri gare shi, sai ka ɗan kankare gefe ko ka zuba mata ruwan zafi ka bar ta ta kwana a jiƙe. Ka shuka a leda mai tsawo tun da bazara, don saiwarta ƙasa take nufa. In damina ta kankama, wajen Yuli, ka dasa a tudu, ka bar taku 10 ko fiye tsakani. Alhaji, kai za ka ba da iyakar gona, ka kuma kewaye kowane tushe da ƙaya har ya fi ƙarfin akuya. Hajiya, daga kowane kwanon kalwa a ware tafi guda kafin a ɗora tukunya. Samari mai tabarau, kai za ka rubuta allo a rataya wa kowace bishiya a makarantarku, sunan Hausa a sama da manyan baƙaƙe, na Latin a ƙasa, don Baba ya huce. Baba kuma aikinsa ya zaunar da jikoki ya faɗa musu sunan kowane sashe, daga tutu har makuba, wani ya rubuta ya sa kwanan wata. Bakatsine shi ne mai ɗaukar ruwa da rani, tunda bakinsa ba ya gajiya, mu ga ko kafaɗarsa haka take.

Daga shekara 5 zuwa 10 za ta fara haihuwa. Wanda bai gamsu da wannan hukunci ba yana da damar ɗaukaka ƙara, amma alƙali ba zai saurare shi ba sai ya nuna tushe ɗaya mai ganye wanda shi ya dasa da hannunsa.